Tambaya da Amsa: In Gwanin Laba 160 Ya Hau Ajin 175, Ya Za A Kwashe?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kamar an haɗa baki, saƙonnin da suka shigo yawancinsu kan damben boko ne, kuma duk kan magana ɗaya suke zagayawa, wato in gwanin ajin matsakaita nauyi ya hau sama ya tarar da waɗanda suka fi shi jiki, zai kai labari ko ba zai kai ba. Ajin matsakaita nauyi, wanda a gidajen kallo ake ce ma midilwet, iyakarsa laba 160 ne, kilo 72 da rabi kenan. Layit-hebi kuma iyakarsa laba 175, kilo 79 da ɗan ɗoriya. Don kar baki ya gaji zan dinga cewa 'yan 160 da 'yan 175.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wallahi musu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a rumfarmu yau sati biyu kenan, ni na ce Marvin Hagler da ya hau 175 a zamaninsa da ya share kowa har da Michael Spinks, abokin sana'ata kuma ya ce ko kusa, wai Spinks zai mai da shi yaro. Mun yarda duk abin da ka faɗa shi kenan magana ta ƙare. Daga mai sayar da albasa, kasuwar Mile 12.

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Ni ma masoyin Hagler ne tun lokacin da ake kallonsa a kaset ɗin bidiyo, to amma tunda gaskiya kuka nema, abokinka ya fi ka kusa da ita, sai dai maganar mai da shi yaro ɗin nan ce ban yarda da ita ba, ba a haifi ɗan damben da zai mai da Hagler yaro ba.

Mu fara ba Hagler haƙƙinsa. Ya karɓi kambu a hannun Alan Minter a Landan a 1980, ya kare shi sau 12, bai sake shi ba sai 1987 da Sugar Ray Leonard ya karɓe a maki, hukuncin da har gobe ana gardama a kansa. Dambe 67 ya yi, ya ci 62, a ciki 52 kisa ne, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da shi kafin lokaci ya cika. Bahago ne amma yana juyawa dama a tsakiyar turmi ba ka ankara ba. Haɓarsa kuwa dutse ce, duk wanda ya ga turmin farko na damben sa da Thomas Hearns a 1985 ya san haka, hannun daman Hearns da ke sumar da mutane ya sauka a kansa bai ko durƙusa ba, a turmi na uku ya gama da Hearns. Shekara ta zagayo ya sha naushin John Mugabi ɗan Yuganda, nan ma yana tsaye.

To matsalar ina take? Matsalar ita ce wanda ke zaune a kujerar 175 a daidai wannan lokacin. Spinks ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1976, ya karɓi kambun 175 a 1981, kuma ba wanda ya taɓa cin sa a wannan ajin har ya bar shi, ya haura ajin manya, wato ajin da ya fi kowane nauyi, ya ƙwace kambu a hannun Larry Holmes a 1985. Ka ga mutumin da ya tsaya turmi 15 da Holmes, naushin ɗan 160 ba zai firgita shi ba. Tsayinsa ya haura ƙafa 6 da inci 2, Hagler kuma bai cika ƙafa 5 da inci 10 ba, duk da dai Allah ya ba shi dogayen hannuwa. Kuma Spinks ɗin nan damben sa murɗaɗɗe ne, ba ya tafiya yadda aka saba, kafin ka gane takunsa an ci rabin lokaci. In kana so ka ga yadda yake yi wa gajeren mutum mai matsa lamba, nemi damben sa da Dwight Muhammad Qawi na 1983 ka kalla, Qawi gajere ne ƙaƙƙarfa mai shigowa ba ja da baya, Spinks ya tsare shi da hannun gaba daga nesa har turmi 15 ya ci a maki. Hagler ya fi Qawi basira nesa ba kusa ba, wannan ba musu, amma hanyar da zai bi ya isa jikin Spinks ita ce dai wannan hanyar, kuma kowane taku sai ya biya kuɗin shiga.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa, Hagler ba babban ɗan 160 ba ne, yakan hau sikeli da laba 157 zuwa 159 da ɗoriya, kuma manyan damben da suka yi masa suna, Roberto Durán da Hearns da Leonard, duk mutane ne da suka hauro daga ƙasa suka same shi a gidansa. Bai taɓa hawa sama ba ko sau ɗaya, ni kuma ban ɗauki wannan tsoro ba, sanin kai ne.

Hukuncina, turmi 15, Spinks a maki, Hagler yana tsaye da ƙafarsa har ƙararrawar ƙarshe. Amma ka gaya wa abokinka kar ya yi saurin murna, don in aka cire Spinks aka kawo waɗanda suka riƙe kambun bayansa irin su Dennis Andries ko Donny Lalonde, ni a bayan Hagler nake. Hearns ɗin da Hagler ya kashe a turmi uku ai shi ya je ya tsayar da Andries a 1987, Leonard kuma ya tsayar da Lalonde a turmi na 9 a 1988, duk da dai an sa Lalonde ya sauko 168 kafin a yi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni abin yana ɗaure min kai. A gidan dambe namu na gargajiya muna ganin ɗan ƙaramin yaro ya kashe ƙato ba wani awo ba sikeli. Laba 15 ai ko kilo 7 bai cika ba, to mene ne abin tsoro a ciki da ake ta zuzutawa? Daga mahauci, mayankar Agege.

AMSA: Sarkin fawa, ai kai ya kamata ka ba mu amsar nan. Ka yanko tsoka zalla kilo 7 ba kitse ba ƙashi ka ɗora a faranti ka gani, to ita ce aka raba a kafaɗa da wuya da baya da cinyar mutum, kuma mutumin an gina ƙashinsa ne don ɗaukar ta.

Bambancin da damben mu shi ne tsawon lokaci. A gargajiya turmi uku ne, hannu ɗaya aka ɗaure, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa magana ta ƙare, shi ya sa mai zafin nama da ido zai iya gamawa da ƙato tun bai gama shiri ba. A damben boko turmi 12 ne kowanne minti uku, minti 36 kenan, a da ma 15 ne, kuma ko ka kai mutum ƙasa yana da ƙirgen goma ya miƙe. A wannan doguwar tafiyar ce nauyi ke karɓar harajinsa a hankali. Duk rungumar da aka yi babban zai jingina a kanka ƙafarka ce ke ɗauka, duk naushin da ka tare da damtse damtsen ne ke mutuwa, sannan abin da ya fi karya zuciya, ka saki naushin da ka saba kayar da mutane da shi ya sauka daidai, mutumin ya kalle ka ya ci gaba da tahowa.

Ga misalin da ba ya tsufa. A watan Yuni 1952 Sugar Ray Robinson, wanda da yawa ke cewa ba a taɓa yin ɗan dambe kamarsa ba, yana riƙe da kambun 160 ya hau ya nemi na 175 a hannun Joey Maxim a filin Yankee da ke Niyok. Robinson bai cika laba 158 ba, Maxim 173. Daren an yi wani irin zafi kusan digiri 40, ka ƙiyasta zafin Legas na watan Maris wanda iska ba ta motsi riga ta manne a jiki, ga fitilu a saman kai. Zafin sai da ya kayar da rafali, aka canza shi bayan turmi na 10. Robinson yana gaba a maki a wajen duka alƙalai, yana ta zagaye Maxim yana dukansa yadda ya ga dama, amma duk zagayen nan da ƙarfinsa yake biya, shi kuwa Maxim yana tsakiya yana tattalin numfashi. Da aka kaɗa turmi na 14 Robinson ya kasa tashi daga kujera. A dambe 200 da ya yi a rayuwarsa wannan ne kaɗai bai kai ƙarshe ba. Mutane na cewa zafi ne ya ci shi ba Maxim ba, to ai zafin su biyu ya daka, wanda dole ta sa shi gudu don ya fi ƙanƙanta shi ya fara ƙarewa.

Ka ƙara da wannan, a zamanin su Robinson ranar dambe ake awo. Yanzu ana gobe dambe ake yi, mutum ya matse ruwan jikinsa ya hau sikeli ya sauko ya sha ya ci, washegari ya shigo fage ya haura abin da aka auna nesa. Don haka in ana haɗa na da da na yanzu a baki, a tuna ɗan 175 na yau ya fi na jiya girma.

TAMBAYA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ina yaro muka taru a gindin rediyo ranar da Dick Tiger ya yi dambe a Ibadan. Yaran yanzu in ana wannan hirar ba mai ambatonsa, alhali shi ya yi abin da suke musu a kai. Ka tuna musu. Daga wani dattijo, Obalende.

AMSA: Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, don duk wannan tambayar amsarta na cikin rayuwar mutumin nan namu, gaba da baya.

Sunansa na yanka Richard Ihetu, an haife shi a Amaigbo a 1929. Ya tafi Ingila a 1955, damben sa huɗu na farko a can duk an cinye shi, wani da ya tattara ya dawo gida, shi ya zauna ya gyara. A 1962 ya doke Gene Fullmer a Amurka ya zama zakaran duniya na 160, wanda kuka ji a rediyo kuma shi ne karonsu na uku, filin Liberty na Ibadan, watan Agusta 1963, Fullmer bai wuce turmi na 7 ba. Kambun ya kuɓuce masa a hannun Joey Giardello, ya ƙwato a 1965, Emile Griffith ya sake karɓewa a 1966, aka ce to tsoho ya gama.

A watan Disamba na wannan shekarar dai, yana da shekara 37, tsayinsa ƙafa 5 da inci 8, nauyinsa ko laba 170 bai kai ba, ya hau ya tari José Torres zakaran 175 a Madison Square Garden ya cinye shi a maki turmi 15. Aka ce sa'a ce, aka sake a 1967 ya sake ci, ya kuma tsayar da Roger Rouse a wannan shekarar. Ya aka yi gajere ya yi haka? Tiger ƙarfi gare shi na fitar hankali, ƙafafunsa kamar turmi, ba a tura shi baya, kuma Torres ba dogo ba ne sosai, mai son a tsaya kusa a yi musaya ne, wato ya kawo kansa inda Tiger ya fi kowa iyawa. Duk wannan fa yana yi ne hankalinsa rabi na gida, don a 1967 ɗin yaƙin basasa ya ɓarke.

To amma gaba da gabanta. A watan Mayu 1968 aka kawo masa Bob Foster, dogo ƙafa 6 da inci 3, siriri kamar ba zai iya komai ba, alhali a tarihin 175 da wuya a samu mai nauyin hannunsa. A turmi na 4 Foster ya sakar masa wani naushin hagu a haɓa, Tiger ya faɗi rigingine, aka ƙirga goma, abin da ba a taɓa yi masa ba. Mutum ɗaya, aji ɗaya, cikin shekara ɗaya da rabi, ya ci zakara nagari sau biyu sannan ya haɗu da gagarau. Shi kansa Foster ɗin da ya kare kambunsa sau 14, da ya haura wajen manya Joe Frazier ya gama da shi a turmi na 2 a 1970, Muhammad Ali ma ya tsayar da shi a 1972.

Tiger ya rasu a watan Disamba 1971 da ciwon daji na hanta yana da shekara 42. Yaran da ke zuwa atisaye a filin wasa na Surulere ya kamata a ce kowannensu ya san sunan nan kamar yadda ya san na Anthony Joshua.

TAMBAYA: Yaya don Allah Canelo fa? Ai ya kashe Kovalev a 175, kenan maganar nauyi duk labari ne. Kuma da Golovkin ya hau ai da ba mai tsayawa gabansa. Daga ɗalibi, Idi-Araba.

AMSA: Ƙanena ka kawo rabin labari ka bar rabi. Gaskiya ne a watan Nuwamba 2019 Canelo Álvarez, ɗan Meziko da ya riƙe kambun 160, ya sumar da Sergey Kovalev zakaran 175 a turmi na 11, kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma Kovalev na lokacin shekararsa 36, Andre Ward ya riga ya ci shi sau biyu, kuma ko wata uku bai cika ba da fitowa daga dambe mai wahala da Anthony Yarde. Da Canelo ya koma 175 a watan Mayu 2022 ya tarar da Dmitry Bivol da ƙuruciyarsa da ƙafarsa, mu da muka hana ido barci har asuba a gidan kallo mun ga abin da ya faru, Canelo yana ta dukan damtse da kafaɗa, Bivol yana shiga yana fita yana zuba masa uku-huɗu a jere. Alƙalai uku duk 115 da 113 suka ba Bivol, ni a idona tazarar ta fi haka. Labarin Dick Tiger da Torres da Foster ne ya maimaita kansa.

Gennady Golovkin kuwa, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun 160, bai taɓa dambe a 175 ba, sai dai mu auna da abin da muka gani. Haɓarsa irin ta Hagler ce ba a taɓa kai shi ƙasa ba, hannun gabansa kuma kamar taɓarya. Amma salonsa na taka mutum ne ya tura shi igiya, kuma a 2017 da ya haɗu da Daniel Jacobs wanda ya shigo fage da jiki ya fi shi, kisa 23 da ya jero a nan ta tsaya, sai da aka je maki kuma da ƙyar. In babban ɗan 160 ya iya rage masa kaifi haka, ban ga yadda zai tura manyan 'yan 175 irin su Artur Beterbiev baya ba.

Ko a damben keji ma ai mun gani da ɗan garin nan, Israel Adesanya haifaffen Legas, yana zakaran matsakaita nauyi na UFC ba a taɓa cin sa ba ya hau ya nemi Jan Błachowicz zakaran ajin da ke sama da nasa a 2021, a tsaye an yi kusan kunnen doki, da aka zo turmi biyun ƙarshe mutumin ya kai shi ƙasa ya danne shi da nauyi, shi kenan.

TAMBAYA: Oga a taƙaice, cikin duk 'yan 160 wa ya fi kowa cin riba da ya hau 175? Daga direban tirela, Apapa.

AMSA: Direba Allah ya tsare hanya. Mutum biyu ne a bakina, Roy Jones da Bernard Hopkins, kuma su biyun sun taɓa haɗuwa a 160 a 1993 Jones ya ci. Jones saurin hannunsa ya sa nauyi bai dame shi ba, ya mallaki 175 shekara da shekaru har ya haura ya ci John Ruiz a ajin manya a 2003, sai dai shi bai daɗe a 160 ba, wucewa ya yi. Wanda ya zauna a 160 ya kare kambu sau 20 sannan ya hau shi ne Hopkins, a 2006 yana da shekara 41 ya tsallake 168 gaba ɗaya ya je ya wanke Antonio Tarver, ya ci Jean Pascal yana da 46, ya ci Beibut Shumenov yana da 49. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ka lura tsayinsa ƙafa 6 da inci 1 ne, damben sa na farko ma a 1988 a nauyin 'yan 175 ya yi shi, wato shekarun nan duk matse jikinsa yake yi ya zauna a 160, da ya hau gida ya koma.

Wanda na so a ce an yi ba a yi ba shi ne Carlos Monzón ɗan Ajantina da Bob Foster, don sun riƙe kambu a lokaci ɗaya daga 1970 zuwa 1974. Monzón dogo ne kusan ƙafa 6, ga haƙuri ga haɓa, ya kare kambunsa sau 14, a cikin tsofaffin 'yan 160 shi ne jikinsa ya fi dacewa da hawa. Zan ba shi turmin farko-farko, zai ma iya kai wa ƙarshe a tsaye, amma in aka ce in zaɓi ɗaya Foster zan ɗauka, saboda Monzón yana tsayawa ƙyam a gaban mutum kansa a sama, kuma hagun da ta kwantar da Dick Tiger irin wannan tsayuwar take nema.